Gudawar tafiya: me ya sa take dawowa bayan mutum ya ga kamar ya warke?

Ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Kano da Kwatano, alhajin da ya yi wata guda a ƙasa mai tsarki, ɗalibin da ya sauka Alƙahira ko Indiya karon farko, direban tirela mai kwana a tashoshin hanyar Legas, kusan kowannensu ya san ɓacin cikin da baƙunta ke jawowa. Kwana uku, kwana huɗu, ya wuce. Wanda ke ɗaure wa mutane kai shi ne wanda zai lafa har mutum ya koma cin abincinsa, sannan ya sake tasowa, wani lokaci ma bayan an iso gida an gama rabon tsaraba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Ba canjin ruwa ba ne kawai? Ai kowa ya je baƙon wuri sai cikinsa ya ɓaci.

Canjin cima da gajiya da rashin barci suna iya sauya bayan gida na yini ɗaya. Amma a ce mutum ya zaga sau uku ko fiye cikin awa 24, bayan gidan tsululu, ga murɗa, to kusan kullum ƙwayar cuta ce ta bi abinci ko ruwa ko hannu ta shiga baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari na matafiya suna kamuwa, gwargwadon inda suka je da lokacin da suka je.

Wajen takwas cikin goma bakteriya ne, irin su E. coli da Campylobacter da Shigella da Salmonella, kuma ko ba magani sukan wuce cikin kwana 3 zuwa 7. Na bairos galibi kwana 2 zuwa 3 yake yi. Sai kuma wasu ƙananan halittu masu maƙalewa a hanji, irin su Giardia da amiba, waɗanda kan kai makonni har watanni. Riƙe lissafin kwanakin nan, domin lokacin da gudawa ta dawo shi ne abu na farko da ke nuna dalilinta.

Na warke sarai, ban ma bar garin ba ta dawo. Ciwon farko ne bai tafi ba?

In har kana nan inda ka kamu, kana shan ruwan nan kana cin abincin nan, abin da ya fi kusa shi ne sabuwa ka kwasa. Gudawa ba kamar ƙyanda ba ce da in ka yi sau ɗaya ka gama. Ƙwayoyin da ke kawo ta iri-iri ne, E. coli kaɗai ma kala-kala ne, kuma garkuwar da jiki ya samu a kan ɗaya ba ta tare maka ɗan'uwansa. Mutanen gari suna ci lafiya ne saboda tun suna yara suke karo da ƙwayoyin wurin. Wannan garkuwar kuwa tana gushewa. Shi ya sa ɗan Katsinan da ya yi shekaru a Ingila, in ya zo hutun sallah ya zauna wajen mai tsiren da ya saba tun yana saurayi, shi kaɗai zai kwana zarya cikin abokansa.

To ni na dawo gida, na yi sati biyu lafiya, sannan ta fara zuwa tana tafiya.

Nan ne likita zai fara tunanin Giardia. Halinta ne ta yi sati ɗaya zuwa biyu a ciki kafin ta nuna kanta, don haka sau da yawa mutum ya kwaso abu biyu ne a tafiya ɗaya: bakteriya ta yi nata ta wuce, ita kuma wannan tana kwance tana jiran lokacinta. Tana da alamu da ake gane ta da su. Bayan gida mai maiƙo-maiƙo, mai mugun wari, da ke tasowa saman ruwan masai; kumburin ciki; yawan tusa; gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai; kasala da rama a hankali. Ba kasafai take zuwa da zazzaɓi ko jini ba. Sai ta yi kwana uku ta lafa, mutum ya ce alhamdulillahi, bayan kwana huɗu ta dawo.

Amiba kuwa ta fi zuwa da majina da jini, wato atini, da yawan jin kashi a je a tsuguna ba abin kirki. Akwai wani abu game da ita da mutane da yawa ba su sani ba. Metronidazole, wanda kowa ya sani da Flagyl, yana kashe amibar da ke cin bangon hanji, amma ba ya share ƙwayayenta masu ɓawo da ke zaune a cikin hanjin. Sai an biyo shi da magani na biyu, irin su paromomycin ko diloxanide. In aka tsaya a na farko, kamar an nome ciyawa ne an bar irinta a ƙasa. Amibar da aka yi wa sakaci kuma tana iya haurawa hanta ta tara ƙurji, watanni bayan an manta da tafiyar.

Ai na sha Flagyl kwana biyu ta tsaya. In ta dawo ba sai in ƙara ba?

A ganina wannan ita ce babbar matsalar. Kusan duk wanda cikinsa ya ɓaci, kemis zai nufa a haɗa masa Flagyl da kafso, ya sha har ya ji dama ya ajiye sauran. Flagyl ba ya taɓa E. coli ko Salmonella ko bairos. Idan su ne, gudawar da ma za ta tsaya da kanta, maganin ya sha yabon aikin da bai yi ba. Idan kuma Giardia ce, kwana biyu danne ta kawai zai yi, don ƙa'idarsa kwana 5 zuwa 7 ne, ko a ba da tinidazole da ake sha sau ɗaya. Ga shi kuma ana ƙara samun Giardia mai bijire wa Flagyl, musamman ga waɗanda suka dawo daga Indiya. Haka antibayotik ɗin ciprofloxacin ya rage tasiri a kan Campylobacter, musamman a Tailan da ƙasashen kudancin Asiya, har likitoci sun fi karkata ga azithromycin a can.

Sannan antibayotik shi kansa yana sa gudawa. Ba ya zaɓe, har ƙwayoyin kirki da ke tsaron hanji yake kashewa, wani lokaci sai wata muguwa mai suna C. difficile ta samu fili. Tana iya tasowa ana cikin shan maganin ko makonni bayan an gama, kuma tana da halin dawowa. Mutum ya ga gudawa ya ƙara antibayotik, alhali shi ne ya jawo ta.

Imodium kuwa tsayar da hanji kawai yake yi, ba ya kashe komai. Yana da amfani ga babban da ke cikin mota ko jirgi, amma ba a shan sa in akwai jini ko zazzaɓi, kuma ba a ba ƙananan yara.

Duk sanda na sha fura da nono ko shayi mai madara sai cikin ya tashi, da kuwa ba haka nake ba.

Wannan ba sabuwar cuta ba ce, hanjin ne bai gama warkewa ba. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana can saman bangon ƙaramin hanji, daidai inda gudawa ke gogewa. Kafin wurin ya farfaɗo, madara za ta wuce ba ta narke ba, ta jawo ruwa, ta tara iska. Cikin rabin awa zuwa awa biyu da sha sai ƙugi da kumburi. Ya fi faruwa bayan Giardia, har mutum ya zaci maganin ne bai yi ba.

Ka ɗaga wa madara ƙafa na sati biyu zuwa huɗu, sannan ka dawo da ita kaɗan-kaɗan. Kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi don ya riga ya yi tsami. Lemon kwalba, abinci mai yawan mai da yaji, da kofi su ma a sassauta. Banda nonon uwa: jariri mai gudawa ba a janye masa mama, ƙara masa ma ake yi.

An auna bayan gidana ba a ga komai ba, amma wata uku ke nan cikina bai koma daidai ba.

Akwai wannan ma. Kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi gudawa mai tsanani sukan wayi gari hanjinsu ya zama mai saurin fushi: yau gudawa, gobe kashi ya ƙi fita, ga murɗa da ke lafawa in an zaga, alhali ƙwayar cutar ta tafi tuntuni. A shekarar 2004 Giardia ta shiga ruwan famfon birnin Bergen na ƙasar Norway, aka tabbatar da ita a jikin mutum sama da dubu ɗaya. Da aka bi su bayan shekara uku, kusan rabinsu suna fama da wannan matsalar. Ba ta kisa, kuma ga mutane da yawa tana raguwa da tafiyar lokaci, amma antibayotik daga kemis ba maganinta ba ne.

Sai dai ba a yanke wannan hukunci sai an duba sauran. Wani lokaci tafiya tana tono ciwon hanji da da ma yana ɓoye. Wani kuma maganinsa na kullum ne, misali metformin na masu ciwon sukari.

Yanzu ga shi yarana sun kamu, ni ma ta dawo mini. Daga ina kuma?

Daga gida. Wanda ya warke yana iya ci gaba da fitar da ƙwayar cuta. Norobairos, wani bairos mai sa amai da gudawa, yakan kai sati biyu ko fiye yana fita a bayan gida. Dubi yadda take zagayawa: an yi tsarki, an kama hannun buta, wani ya ɗauka ya yi alwala, aka zo cin tuwo kowa ya tsoma hannu a ƙwarya ɗaya ta wanke hannu, na ƙarshe ya wanke da dauɗar mutum biyar. Ruwa zalla ba ya isa. Sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20, a zuba ruwan daga sama ya zube ƙasa. Man goge hannu na kwalba ya fi babu, amma ba ya yi wa norobairos abin kirki. Mai gudawa kuma ya haƙura da girki da rabon abinci sai ya yi aƙalla kwana biyu da warkewa.

Wata hajiya ta tambaya: ɗana ne yake ta maimaitawa tun da muka dawo.

Hajiya, abu biyu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa yara: ruwan ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Iyaye da yawa suna daina zinc ɗin da zarar zawo ya tsaya, alhali cika kwanakin ne ke rage dawowarsa cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. In babu ORS na leda, ki samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki duba katinsa ma, don tun 2022 rigakafin rota, bairos mai sa yara gudawa, ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya.

Tafiya ta gaba me zan kiyaye?

Abinci mai tururi da aka sauke a gabanka ya fi na babban otal da ya yini a buɗe. Shinkafar da aka raba wa alhaji da rana ya ajiye don dare tana cikin manyan masu laifi: dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in ana zafi sosai ma awa ɗaya, kuma akwai gubar da ɗumame ba ya kashewa. Latas da kabeji ɗanye, kankanar da mai talla ke yayyafa wa ruwa, zoɓo da kunun aya da ba ka san ruwansu ba, a bar su sai an dawo gida. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, adana ta take yi. Ruwan leda ma, ko na cikinsa mai kyau ne, ka tuna cikin wane ruwa ledar ta kwana a cikin kula kafin ka yaga ta da haƙori. In babu ruwan gora mai hatimi, a tafasa na minti ɗaya cur. Tafasawa ta fi kulorin tabbas a kan Giardia da ire-irenta.

Masu shan maganin olsa irin omeprazole su ƙara hattara, domin tsamin cikin da yake ragewa shi ne ke kashe ƙwayoyi da yawa tun daga ƙofa. Ka sa ORS a jaka, kuma in tafiyar mai nisa ce ka tambayi likita batun rigakafin taifot.

Yaushe zan daina jira in tafi asibiti?

Nan take, in akwai jini, ko zazzaɓi, ko amai da ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ragu ido ya faɗa, ko bayan gida ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, wanda alamar kwalara ce kuma tana iya kashewa cikin awoyi. Zazzaɓi da gudawa tare a auna har maleriya. Jariri, tsoho, mai juna biyu da mai cutar da ta raunana garkuwa ba a jira da su. Ga kowa kuma, gudawar da ta haura kwana 14, ko mai zuwa da rama, ko mai tayar da mutum cikin dare, ta wuce aikin kemis.

In ka je, ka faɗa wa likita ƙasar da ka je, ranar da ta fara, ranar da ta dawo, ka kuma tafi masa da kwalayen duk abin da ka sha, har na gargajiya. Kada ka yi mamaki in ya ce ka kawo bayan gida sau uku a ranaku daban-daban. Giardia ba kullum take fita ba, awo ɗaya yana iya kuskure ta.