Mutumin da ya fara kunna leza: tambayoyi da amsoshi kan Theodore Maiman

A nan Maraɗi, in aka ce yaro ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya tafi karatun fizik, tambayar da dattawa ke fara yi ita ce, "To in ya gama, sana'ar me zai yi?" Amsar da aka saba ji ɗaya ce, koyarwa. Ga tambayoyin da ɗalibai da iyayensu ke yawan kawo mini a kan haka. Na ɗauki rayuwar mutum guda don amsa su, wato Theodore Maiman, ba'amurken da ya ƙera leza ta farko, ya ajiye aikin albashi ya buɗe kamfani, daga baya kuma ya riƙe babban muƙami na kula da sababbin fasahohi.

Malam, wane ne shi, kuma ta ina ya faro?

An haife shi a Los Anjelas a 1927, ya tashi a birnin Denba na jihar Kolorado. Mahaifinsa injiniyan lantarki ne, shi kuma tun yana yaro yake gyaran rediyo da kayan wuta yana samun na kashewa. Ya yi aikin sojan ruwa na ɗan lokaci, ya samu digirin farko a Jami'ar Kolorado a 1949, sannan ya wuce Jami'ar Stanford inda ya kammala digirin dakta a fizik a 1955. Malamin da ya duba aikinsa, Willis Lamb, a shekarar nan ya ci kyautar Nobel. A 1956 Maiman ya kama aiki a sashen bincike na kamfanin Hughes, mai ƙera jiragen sama da kayan soja.

Gyaran rediyon nan kada ku raina shi. Mutumin da ya saba buɗe akwati ya nemo inda waya ta tsinke, tunaninsa daban yake da na wanda bai taɓa riƙe komai ba sai alli. Za ku ga amfaninsa nan gaba.

Mene ne bambancin leza da tocila? Ai duka haske ne.

Hasken tocila gauraye yake. Launuka iri-iri ne a cikinsa, kowane ɓangare na tafiya inda ya ga dama, shi ya sa kafin ya kai ƙarshen zaure ya riga ya watse. Hasken leza launi ɗaya ne tak, yana tafiya a miƙe, kuma igiyoyinsa na tashi tare suna sauka tare. Ku tuna ƴan gayya a gona, an jera su sahu guda, ganga na kaɗawa, kowa na ɗaga hauya ya sauke lokaci guda da ɗan'uwansa. Aikin da suke yi a haka ya fi na mutane masu yawansu da kowa ke sara inda ya ga dama.

Tushen abin Albert Einstein ne ya bayyana shi a 1917. Ƙwayar zarra da ta sha ƙarfi ta cika, idan hasken da ya dace da ita ya gifta ta kusa, sai ta saki nata hasken, iri ɗaya da wanda ya gifta, ya bi hanya ɗaya da shi. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. In aka sa madubi gaba da baya, hasken ya yi ta kai da kawo yana ƙaruwa, sai a bar masa ɗan wurin fita ta gefe guda. Sanin haka a takarda ya daɗe. Ƙera abin ne ya gagara sama da shekara 40.

To yaya aka yi ya riga manyan masana?

Nan ne labarin yake da daɗi. A 1958 Charles Townes da Arthur Schawlow suka wallafa bayanin yadda za a iya yin leza, sai manyan ɗakunan gwaji suka shiga tsere, ciki har da Bell Labs, da kuɗi masu yawa a hannu. Yawancinsu sun kawar da kai daga yakutu, jan dutsen nan mai daraja. Schawlow da kansa ya ce ba zai yi ba, akwai kuma wani awo da aka wallafa mai nuna cewa kaɗan ne daga cikin hasken da yakutu ya sha yake mayarwa.

Maiman ya riga ya yi aiki da yakutu a wata na'ura ta daban, ya san halinsa. Bai yarda da awon ba, ya sake aunawa da hannunsa, ya tarar dutsen na mayar da mafi yawan abin da ya sha. Matsalar da ta rage ita ce samun fitila mai tsananin haske da za ta cika ƙwayoyin da ƙarfi. Bai zauna ƙirƙiro sabuwa ba. Ya duba abin da ake sayarwa a kasuwa, ya samo fitilar walƙiya irin ta masu ɗaukar hoto, mai murɗaɗɗen gilashi.

Na'urar da ya haɗa za ta zauna a tafin hannu. Ɗan guntun yakutu ne, kaurinsa wajen santimita ɗaya, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, an goge bakinsa biyu sumul an shafa musu azurfa, an bar ƴar kafa a ɗaya. An zura shi cikin murɗin fitilar, an rufe duka cikin gwangwanin alminiyam. Fitila ta yi wal, ƙwayoyin kuromiyam da ke cikin dutsen (su ne ke ba shi jan launi) suka sha hasken kore da shuɗi, suka saki ja. Ranar 16 ga Mayu 1960 ke nan, a Malibu ta jihar Kalifoniya. Kuɗin da Hughes ya ware wa aikin dala 50,000 ne, aikin kuma ya ci wajen wata tara. Saboda wannan rana UNESCO ta sa 16 ga Mayu ta zama ranar haske ta duniya tun 2018.

Ke nan nan da nan duniya ta karɓe shi?

Ina! Mujallar fizik ta farko da ya aika wa rahoton, Physical Review Letters, mayar masa da shi ta yi. Sai mujallar Nature ta Ingila ce ta buga ɗan gajeren bayaninsa a watan Agusta 1960. Jaridu kuwa abin da ya ɗauke musu hankali shi ne ko an samu makamin kisa da haske. Masana da dama na ganin abin burgewa ne amma ba a san me za a yi da shi ba.

Kyautar Nobel ta 1964 ta tafi ga Townes da Rashawa biyu, Nikolai Basov da Aleksandr Prokhorov, saboda aikinsu na tushe. Maiman bai taɓa samunta ba har ya rasu a Bankuba ta Kanada a 2007, duk da ya samu kyautar Wolf da kyautar Japan. A ganina an rage masa haƙƙi. Waɗancan sun cancanta, amma wanda ya fara sa abin ya kama wuta bai kamata a tsallake shi ba.

Me ya raba shi da albashi mai kyau?

Ya ga kasuwar da shugabanninsa ba su gani da wuri ba, kuma ya ga cewa duk abin da ya ƙirƙira a matsayin ma'aikaci na kamfani ne. Takardar mallakar fasahar lezarsa ta fito a 1967, amma Hughes ne mai ita. Abin da aka ba shi a kanta dala 300 ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma ba zamba aka yi masa ba, haka yarjejeniyar aiki take a irin waɗannan wurare.

Tun 1961 ya bar Hughes ya koma wani ƙaramin kamfani, Quantatron. A 1962 ya kafa Korad, mai ƙera leza masu ƙarfi, ya zama shugabansa. Jarin ya fito ne daga babban kamfanin Union Carbide, wanda a 1968 ya karɓe Korad gaba ɗaya. Sai Maiman ya buɗe ofishin ba da shawara ga masu harkar fasaha da zuba jari.

Ƴan kasuwarmu za su gane wannan da sauri. Wanda ya kawo ilimi da wanda ya kawo jari suna tafiya tare ne har ranar da abin ya yi albarka, daga nan sai a koma ga abin da aka rubuta a farko. Sannan aikin shugaban kamfani ba aikin ɗakin gwaji ba ne. A ɗakin gwaji, in na'ura ta yi aiki sau ɗaya an yi nasara. A kasuwa sai ta yi aiki kullum a hannun wanda bai san fizik ba, ga albashin ma'aikata ƙarshen wata, ga mai saye da ke son a zo a gyara masa in ta tsaya.

Shugaban bincike kuma aikin me yake yi, tunda ba shi ke gwajin ba?

Daga 1976 zuwa 1983 Maiman ya zama mataimakin shugaba mai kula da sababbin fasahohi a ɓangaren lantarki na kamfanin TRW. Mai irin wannan kujera zaɓe ne aikinsa. Shawarwari goma na gabansa, kuɗin biyu gare shi. Shi zai ce a ci gaba da wannan, a dakatar da wancan, ya kuma kare ƙaramin ma'aikacin da aikinsa bai nuna komai ba tukuna. Wanda aka taɓa ce wa dutsensa ba zai yi ba, ya san me ake nufi da a ba mutum ƴan watanni ya sake awo.

Shi kaɗai ne ya bi wannan hanya?

A'a. Valentin Gapontsev, masanin leza ɗan Rasha, ya haura shekara 50 lokacin da ya kafa kamfaninsa a 1990, daf da rushewar Tarayyar Sobiyet. Kamfanin ya zama IPG Photonics, mai hedikwata a Amurka, wanda ya yi fice wajen lezar zaren gilashi da masana'antu ke yanka ƙarfe da walda da ita. Shi ya riƙe ragamar kamfaninsa shekaru masu yawa, ya kuma yi arziki sosai.

Gordon Gould kuma ta kotu ya bi. Ya rubuta dabarunsa na leza a littafin aikinsa a 1957, ya kai aka buga masa hatimin shaida, amma bai nemi takardar mallaka da wuri ba. Sai a 1977 ya samu ta farko, shari'o'in kuma suka ci wajen shekara 30. Ya samu kuɗi a ƙarshe, sai dai ya riga ya sayar da mafi yawan haƙƙinsa don biyan kuɗin shari'a.

Mu a Maraɗi ina muke haɗuwa da leza?

Kullum, ba tare da mun kula ba. Injin buga takarda na shagon da kuke kai takardun jarrabawa, leza ce ke zana rubutun a kan gangar cikinsa kafin garin tawada ya manne, sannan zafi ya gasa shi a takarda, shi ya sa take fitowa da ɗumi. Intanet ɗin da ke wayarku, wani ɓangare na tafiyarsa cikin zaren gilashi yake yi, a matsayin walƙiyar leza. Faifan CD da DVD da leza ake karanta su. Likitocin ido na amfani da ita, musamman ga masu ciwon suga da ya taɓa musu bayan ido.

Sai ƴar fitilar nan mai jan ɗigo ko kore da yara ke wasa da ita. Iyaye, don Allah a kula. Ido na tattara hasken ya sauke shi wuri guda a can ciki, mai ƙarfi daga cikinsu na iya ƙona wurin kafin yaro ya ƙifta, kuma wannan tabo ba kasafai yake warkewa ba.

Malam, wannan duk labarin ƙasashen Turawa ne. Ɗan Nijar zai iya?

An riga an yi, kuma daga jiharmu. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa aka haife shi a 1929. Masanin fizik ne da ya karanta a Faransa, ya dawo ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana, daga 1969 zuwa 1985, inda ba bincike kaɗai ake yi ba, har da ƙera kaya irin su na'urar ɗuma ruwa da rana. Ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai, wadda yau ke ɗauke da sunansa. A fagen leza ma, Ahmed Zewail ɗan Masar ya ci Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999 da aikin da ya yi da ita, Farfesa Ahmadou Wagué na Dakar kuma ya daɗe yana haɗa kan masana leza na Afirka.

Ɗalibin da ke Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yau ba sai ya fara da ƙera leza ba. Haɗa zaren gilashi da ya tsinke, kula da na'urorin asibiti, injin yanka da zane a kan katako ko fata, duk ayyuka ne da ke buƙatar wanda ya san haske ya kuma iya riƙe sukudireba.

Ni ɗan kasuwa ne. In matashi ya zo mini da irin wannan dabara, me zan yi?

Alhaji, abu na farko shi ne a san wannan ba fatauci ba ne. Kuɗin da aka sa a kaya na juyawa cikin makonni, na bincike kuwa yana iya kwana wata tara ba a ga komai ba, yana kuma iya tafiya gaba ɗaya. A sa abin da in ya salwanta ba zai taɓa uwar kuɗi ba, a yanka wa'adi, a kuma ce ya nuna abin da ke aiki, ko ƙarami ne, kafin a ƙara.

Na biyu, a rubuta komai tun ranar farko, gaban shaidu: wa ke da dabarar, kaso nawa na kowa, me zai faru in ɗaya ya so fita. Wannan kariya ce gare ku duka biyu. In abin sabo ne da gaske, kada a baza shi a Facebook kafin a yi masa rajista, don bayyana shi a fili na iya hana samun takardar mallaka. Nijar na cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha ta Afirka mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, kuma kariyar na kai shekara 20 muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara.