Waiwaye: Tsoffin takardun waƙoƙin Landan da asalin gardamar haƙƙin mallaka

Tun da mawaƙa fiye da 1,000 a Birtaniya suka fitar da faifan da babu waƙa a cikinsa a watan Fabrairun 2025, domin nuna fargabarsu kan horar da ƙirƙirarriyar basira da ayyukansu, mutane da yawa suke ɗaukar gardamar a matsayin baƙuwa. Duk wanda ya taɓa duba tsoffin takardun waƙoƙin wasan kwaikwayo na Ingila, irin waɗanda ke jibge a ɗakunan karatu na Landan da Oxford, ya san ta haura shekara 300.

An sake buɗe gidajen wasan kwaikwayo na Landan a 1660, kuma waƙoƙin da ake rerawa a dandamali suka samu kasuwa. John Playford da ɗansa Henry sun riƙa tattara su cikin littattafai, ciki har da kundin waƙoƙin Henry Purcell da ya fito a 1698, shekara 3 bayan rasuwar Purcell.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sauyin da aka samu a ɗakin ɗab'i wajen 1690 zuwa 1700. A da, alamomin kiɗa ɗaya bayan ɗaya ake jera su da ƙananan ƙarafa, kamar haruffa. Aikin yana cin lokaci, kuma dole a buga kwafi da yawa gaba ɗaya kafin a wargaza ƙarafan a yi wani aiki da su, don haka sai mai jari ke iya shiga sana'ar. Daga nan aka koma zana waƙa a kan farantin jan ƙarfe, bayan ɗan lokaci kuma a kan faranti mai laushi na gaurayen kuza, wanda ake buga wa alamomin da hatimi. Faranti ɗaya yana ɗaukar waƙa ɗaya, ana ajiye shi, a buga kaɗan yau, a ƙara gobe idan masu saye sun dawo. Waƙar da aka rera a gidan wasa na Drury Lane tana iya shiga kanti cikin 'yan kwanaki, a takarda guda mai araha, an rubuta sunan wadda ta rera ta a sama, a ƙasa kuma an sake tsara karin domin mai busa sarewa a gida. Sauƙin da ya amfani mai saye shi ne ya buɗe ƙofar kwafa, domin duk mai zane da ya samu takarda ɗaya zai iya yin nasa farantin ba tare da ya nemi mai waƙar ba. A daidai wannan lokaci, a 1695, dokar da ke kula da izinin ɗab'i ta ƙare ba a sabunta ta ba. A ganina nan ne gizo ke saƙa: kayan aiki sun yi gaba, tsarin kare mai aiki yana baya.

Dokar haƙƙin mallaka ta 1710 ta ba marubuci kariyar shekara 14, amma littattafai ta ambata, kuma shekaru da dama ba a tabbatar ko takardar kiɗa tana cikinsu ba. Masu hali sai suka riƙa neman takardar kariya daga fadar sarki, kamar yadda mai tsara kiɗa Handel ya samu a 1720. Sai a 1777, a ƙarar da wani mai tsara kiɗa, Johann Christian Bach, ya shigar, kotu ta tabbatar cewa rubutaccen kiɗa rubutu ne da dokar ta shafa, wato shekara 67 bayan kafa ta.

Alamar wancan dogon giɓi tana nan a jikin takardun. Yawancinsu ba su da kwanan wata, wasu ba su da sunan mawallafi, wasu ma ba su da sunan wanda ya tsara kiɗan, abin da ke ba ni takaici ƙwarai. Shi ya sa masu bincike kan dogara da tambarin da ke cikin takardar, da adireshin kanti, da shekarun da mawaƙiyar ta yi a wannan gidan wasa, kafin su kintaci lokacin da aka buga ta.