Ramana Maharshi

Ramana Maharshi (1879–1950) malamin addinin Hindu ne daga ƙabilar Tamil ta kudancin Indiya, wanda koyarwarsa ta rataya kan tambaya ɗaya tak: wane ne ni? An haife shi ranar 30 ga Disamba 1879 a garin Tiruchuli, cikin jihar Tamil Nadu ta yanzu, iyayensa suka raɗa masa suna Venkataraman. Da mahaifinsa ya rasu a 1892, sai ya koma hannun baffansa a birnin Madurai.

A watan Yulin 1896, yana ɗan shekara 16, tsoron mutuwa ya turnuƙe shi alhali lafiyarsa ƙalau. Bai nemi likita ba. Sai ya miƙe kamar gawa, ya sandare, ya riƙe numfashi, yana bibiyar ko mene ne ke mutuwa. Abin da ya ce ya gano shi ne, jiki ne ke ƙarewa, amma ainihin mutum yana nan daram. Bayan makonni shida ya sulale daga gida, ya isa Tiruvannamalai ranar 1 ga Satumba, a gindin dutsen Arunachala da 'yan Hindu ke alaƙantawa da Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu. Daga nan bai sake barin garin ba. A watannin farko na zamansa can ya ɓuya a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa na babban wurin bautar garin, ƙwari suna cin cinyoyinsa bai ko motsa ba. Ya zauna a kogon Virupaksha da ke jikin dutsen Arunachala daga 1899 zuwa 1916.

Hanyarsa ba ta da sarƙaƙiya, kuma nan ne ƙarfinta. Duk tunanin da ya taso, mutum ya tambayi kansa wa tunanin ya zo wa, ya bi sawun wannan "ni" har tushensa. Masana kan jingina wannan da falsafar Advaita Vedanta ta Hindu, wadda ke koyar da cewa ainihin mutum da asalin dukkan abin da ke akwai abu ɗaya ne. Sau da yawa ma ba ya magana; almajirai su zauna gabansa shiru, shi kuwa yana ganin shirun ya fi wa'azi. Amsoshin da ya rubuta wa wani almajirinsa, Sivaprakasam Pillai, a 1902 su ne aka tattara a ɗan littafin Nan Yar, wato "Wane ne ni?" da harshen Tamil. A 1907 malami Ganapati Muni ya ba shi sunan Ramana da laƙabin Maharshi, wato babban masani mai hikima.

Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1922 ya tare kusa da kabarinta, inda zauren almajiransa, Sri Ramanasramam, ya kafu. Ziyarar marubucin Ingila Paul Brunton a 1931, da littafin da ya rubuta bayanta, su suka sa Turawa suka san shi. Ciwon daji a hannunsa na hagu ya yi ajalinsa ranar 14 ga Afrilu 1950.