Mece ce tona ta fuska, kuma mene ne "antioksidan" da ake rubutawa a jikin kwalbarta?

A shagunan kayan kwalliya na kasuwar Wunti ta Bauchi da na masu talla a WhatsApp, kalmar tona ta zama ruwan dare. Ba ta da alaƙa da tona rami ko tona asiri, aro aka yi daga Turanci. Tona wani ruwa ne marar kauri da ake shafawa a fuska bayan an wanke ta, kafin a sa mai.

Asalin aikinta yana da nasaba da sabulu. Fatar mutum tana da ɗan tsami, wanda a ma'aunin tsami na pH (inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa) yake tsakanin 4.5 da 5.5, kuma wannan tsamin yana taimaka mata ta riƙe danshi ta hana ƙwayoyin cuta sakewa. Sabulun wanka na sanda da sabulun salo kuwa sukan kai 9 zuwa 10, wato kishiyar tsami ke nan. Shi ya sa bayan an wanke fuska da su ake jin ta ɗaure tamau kamar fatar ganga, musamman da hunturu. Tona mai kyau tana kusa da tsamin fata, don haka tana saurin mayar da ita daidai, ta kwashe ragowar hoda, ta bar danshin da mai zai kulle.

Antioksidan kuwa, a fasa goro ko a fere doya a ajiye na ɗan lokaci, za a ga wurin ya sauya launi, saboda iska ta taɓa shi. Irin wannan lalacewar tana faruwa a fata idan zafin rana da hayaƙin itace da na ababen hawa suka haifar da wasu ƙananan sinadarai masu cin ƙwayoyin fata da kolajin, wato zaren da ke riƙe fata kada ta saki. Antioksidan shi ne sinadarin da ke tare su kafin su yi ɓarna. Tsirrai suna da shi da yawa. A bayan kwalba za a ga Camellia sinensis, koren ganyen shayi ke nan. Hibiscus sabdariffa shi ne zoborodonmu. Glycyrrhiza glabra saiwa ce da ake sawa don tabon da ƙuraje suka bari. Ana jera kayan haɗin daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka idan hoton ganye ya cika gaban kwalba amma sunansa yana can ƙarshe bayan turare, ɗigo kawai aka sa.

Alƙawarin "matse fata" shi ne inda ake yawan ruɗar mutane. Ɗaurewar da ake ji nan take daga barasa ce, wadda ake rubutawa alcohol denat, ko daga sinadarin bauri irin na bagaruwa da ke cikin wani tsiro mai suna witch hazel. Cikin 'yan sa'o'i take wucewa. Ƙofofin gashin fuska ba su da tsokar da za su buɗe ko su rufe. Idan an cire maiƙon da ya toshe su ne suke zama kamar sun ragu. Mai maiƙon fuska za ta iya jure irin wannan tona a watan Maris da Afrilu da ake gumi, amma a Disamba da Janairu sai fata ta yi furu-furu, ta fara ɓarewa a gefen hanci.

Haka ma "haske". Tona ta gaskiya tana rage dusashewa ne, a hankali, kuma ba a yanke mata hukunci kafin mako 4 zuwa 6, tunda fata kan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta. Duk ruwan da ya fara mayar da mutum fari cikin mako ɗaya, a yi zargin an zuba masa maganin bilicin, irin su hydroquinone ko sitiroyid. Ƙarshensa jijiyoyi su fito kore, fata ta yi siriri, kumatu su ƙone. Haɗin da aka ɗura a kwalba babu jerin kayan haɗi, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, a bar wa mai shi.

Kafin a fara, a shafa kaɗan a bayan kunne ko cikin hannu, a jira kwana 2. In babu ƙaiƙayi ko ja, sai a wanke fuska, a tsane ta da tawul ba tare da gurzawa ba, a ɗiga ɗigo 4 zuwa 6 a tafin hannu a daddanna, a kauce wa ido. Auduga tana shanye ta a banza, amfaninta sai in akwai ragowar hoda. A sa mai tun fuska tana da ɗan danshi, cikin minti ɗaya. Tunda alwala tana wanke ta, lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe kafin a fita da kuma bayan Isha'i. Da rana a ɗora man kariya daga rana mai SPF 30, don antioksidan ba ya maye gurbinsa.

Rana da zafi suna kashe waɗannan sinadarai. Kwalbar da ta yini a kan tebur a bakin titi ko a cikin mota ta riga ta rage ƙarfi, kuma mai bitamin C idan ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ta gama aiki. A ajiye ta a inuwa, a rufe da kyau. Masu dafa koren shayi a gida su yi tona su sani cewa babu sinadarin hana lalacewa a ciki. Ko a firiji ba ya wuce 'yan kwanaki, balle in wuta tana ɗaukewa. Ruwan lemun tsami kuwa kada a kai shi fuska: tsaminsa ya yi yawa, wajen 2 a ma'aunin pH, kuma idan rana ta same shi a kan fata yana iya ƙona ta ya bar baƙin tabo na watanni.