Zazzafan fiksel a kyamarar jagora

Zazzafan fiksel ɗigo ne guda a kan farantin kyamara wanda ke fitowa fari ko da wani haske bai faɗa masa ba. A kyamarar waya da rana tsaka babu wanda ke lura da shi. A kyamarar jagora kuwa, wato ƙaramar kyamarar da masu ɗaukar hoton sararin samaniya ke ɗorawa a jikin madubin hangen nesa don ta riƙa tsaron tauraro guda, ɗigo ɗaya tak na iya ɓata aikin dare ɗungurungum, domin manhaja kan ɗauke shi a matsayin tauraro. Matsalar ta fi tsanani a ƙasashe masu zafi irin Nijar, kasancewar akasarin kyamarorin jagora ba su da na'urar sanyayawa.

Aikin kyamarar jagora

Saboda juyawar duniya, tauraron da ke tsakiyar faifan sama yana gusawa yamma da kusan sakan-kusurwa 15 a kowane sakan. Sakan-kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3600 na digiri. Mazauni mai mota, wato abin da ake ɗora madubin a kai, yana bin wannan tafiya, sai dai haƙoran giyarsa ba sa rasa ɗan kuskure, haka ma saitinsa da tauraron arewa, wanda a Yamai tsayinsa bai wuce digiri 13 da rabi ba, a Tahoua kusan 15, daidai inda ƙurar hunturu ta fi kauri. Don haka kyamarar jagora kan ɗauki hoto duk bayan sakan 1 zuwa 4, manhaja ta auna tsakiyar hasken tauraron, ta aika wa mazaunin umurnin gyara. Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce PHD2, ta kyauta, wadda ta samo asali daga PHD Guiding na Craig Stark. Lissafinta ya dogara kacokan a kan cewa ɗigon da take kallo a sama yake, ba a jikin faranti ba.

Abin da ke haddasa shi

Kowane fiksel yana tara ilektaron a duk lokacin da haske ya buge shi. Zafi ma yana sakin ilektaron a cikin silikon ko a duhu ne, abin da ake kira kwararar duhu. Inda silikon ɗin ke da tabo, ko ɗan ƙarfe ya gurɓata shi tun a masana'anta, ko ƙwayoyin da ke ratsowa daga sararin samaniya suka lahanta shi a kwana a tashi, kwararar kan ninka ta maƙwabta sau da yawa. Shi ya sa yawan irin waɗannan ɗigo ke ƙaruwa yayin da kyamara ke tsufa, kuma gogewa ba ta fitar da su.

Kwararar duhu tana ninkawa biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da kamar digiri 6 zuwa 7. A Yamai da Tahoua daren Janairu kan sauka wajen digiri 15 zuwa 17, na Afrilu da Mayu kuwa da ƙyar yake saukowa ƙasa da 27 ko 28. Tazarar digiri 10 zuwa 13 ke nan, ma'ana kwararar ta ninka kusan uku zuwa huɗu. Fiksel ɗin da ba a ko ganinsa lokacin sanyi, da bazara sai ya fi taurarin da ke gefensa haske. Ga kuma zafin da kyamarar ke haifarwa da kanta, da wanda rufin siminti ke fitarwa har tsakar dare.

Yadda ake gane shi

Alama mafi ruɗarwa ita ce zanen jagora, wato layin da manhaja ke nuna kuskuren bin tauraro da shi, ya miƙe sambal, kuskure kusan sifili, alhali taurarin hoton da babbar kyamara ke ɗauka sun ja wutsiya. Manhajar ta kama fiksel, fiksel kuwa ba ya motsi, don haka ba ta aika gyara ko ɗaya ba. Duk zanen da ya yi kyau fiye da abin da mazaunin ya saba bayarwa, a tuhume shi.

Ta biyu tana fitowa a gwajin farko, inda PHD2 ke tura mazaunin taki-taki tana jiran tauraron ya gusa kamar fiksel 25. In fiksel ta kama, sai ta yi ta turawa har ta haƙura, ta ce tauraron bai motsa yadda ya kamata ba. Mutane da yawa kan zargi waya ko mota a nan, su kwance komai, alhali laifin na ɗigo ɗaya ne.

Ta uku ta fi wuyar kamawa. Tauraron na gaske ne, amma akwai zazzafan fiksel a gefensa. Hasken fiksel ɗin yana shiga lissafi ya ja tsakiyar zuwa wajensa, manhaja ta gyara kuskuren da babu shi. Wannan kan faru bayan an ɗan gusar da na'ura tsakanin hoto da hoto, lokacin da tauraron ya sauka a sabon wuri a kan faranti.

Gwajin da ke raba gardama ba shi da wuya: a tsayar da motar mazauni na ƴan sakanni. Da kyamarar ZWO ASI120MM Mini, mai fiksel 1280 sau 960, faɗin kowanne mikiron 3.75 (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a kan ƙaramin madubi mai nisan tattara haske milimita 120, fiksel ɗaya yana ɗaukar kusan sakan-kusurwa 6.4 na sama. Ana samun wannan ne ta ninka faɗin fiksel da 206.265 a raba da nisan. Tauraro zai riƙa gusawa sama da fiksel 2 a sakan, duk abin da ya tsaya cak kuwa ba tauraro ba ne. In an zuƙo hoton, tauraro yana da tsakiya mai haske da gefe mai dushewa a hankali, fiksel kuwa murabba'i ne mai kaifin gefe. Ƙurar da ta zauna a gilashin kyamara baƙin tabo ko zobe take yi, ba fari ba. Layukan da ke yawo a hoto kuma galibi daga wayar USB ne ko wutar inbata, maganinsu daban.

Hotunan duhu

Hanya ta farko ita ce a ɗauki hoto kyamara na rufe, a adana, manhaja ta riƙa ɗebe shi daga kowane sabon hoto, kamar yadda mai awo ke cire nauyin kwano kafin ya faɗi nauyin gero. PHD2 tana haɗa taskar irin waɗannan hotuna, ɗaya ga kowane tsawon ɗauka, ta kuma zaɓi mafi kusa da wanda ake aiki da shi. Tana farawa da hotuna 5 ga kowane tsawo ta haɗa su, amma 10 zuwa 20 sun fi tsabta, domin hoton duhu mai ƙaiƙayi, wato ɗige-ɗigen da ke dagula hoto, yana zuba nasa ƙaiƙayin a kan hoton tauraro.

Rufewa na buƙatar kula. Baƙin murfin roba da yawa yana barin hasken infarared, wanda ido ba ya gani, ya ratsa, kyamarar baƙi da fari kuma tana ganinsa sarai. A naɗe bakin da takardar alminiyam a kan murfin, a yi aikin da dare. In kyamarar na karɓar haske ne ta ɗan madubin da ke cikin babbar na'ura, to bakin babbar za a rufe. A bar kyamarar tana ɗauka minti 10 zuwa 15 tukuna, zafinta ya daidaita. Ƙarfin sigina da haɗa fiksel biyu-biyu dole su zama daidai da na lokacin jagora. In an canza ɗayansu, taskar ta tashi aiki.

Raunin wannan hanya shi ne zafi. Hoton duhun da aka ɗauka a Disamba, in an yi aiki da shi a Afrilu, bai ɗebe isasshe ba, ɗigon na nan. Na Afrilu kuma a Disamba ya ɗebe fiye da kima, ya bar baƙaƙen ramuka, ramin da ke gefen tauraro kuwa yana ture tsakiyar kamar yadda farin ɗigo ke jan ta. Wanda ya haɗa taskarsa a ɗaki mai na'urar sanyaya iska ya fita da ita waje ya faɗa wannan tarko. Tunda kowane tsarin kayan aiki a PHD2 taska ɗaya yake riƙewa, ya fi dacewa a buɗe tsari uku, na sanyi, na bazara, na damina, kowanne da taskarsa.

Taswirar gurɓatattun fiksel

Hanya ta biyu ba ta ɗebe komai. Manhajar tana ɗaukar hotunan duhu masu tsawo, a ƙa'idarta guda 25 na sakan 15 kowanne, ta gano fiksel ɗin da suka fita daban, masu zafi da matattu, ta rubuta wurarensu. Daga nan, a kowane hoto sai ta maye gurbin kowannensu da matsakaicin ƙimar maƙwabtansa. Tunda wuri take riƙewa ba adadin haske ba, sauyin zafi bai cika damunta ba, wannan ne kuma ya sa ta fi dacewa da yanayin Sahel. Tana kuma maganin fiksel masu ƙyaftawa, waɗanda ke haske a wani hoto su dushe a na gaba, irin da ɗebewa ba ta iya wa komai.

Ya fi kyau a haɗa taswirar a dare mafi zafi, lokacin da duk masu laifin suka bayyana. Akwai ma'aunin tsanani daga 0 zuwa 100, ɗaya na masu zafi, ɗaya na matattu. In an kai shi ƙarshe, dubban lafiyayyun fiksel za su shiga jerin, siffar taurari ta lalace. A ɗaga shi kaɗan-kaɗan har fararen ɗigon da ido ke gani su ɓace, a tsaya nan. Wanda ya kuɓuce ana iya danna shi a ƙara shi da hannu. PHD2 ba ta aiki da taswira da taskar duhu lokaci guda, ɗaya ake zaɓa.

Sauran saituna

Akwai wurin da ake faɗa wa manhaja mafi ƙanƙantar faɗin abin da za ta yarda tauraro ne, ma'aunin HFD, wanda ke farawa a fiksel 1.5. Zazzafan fiksel guda ba ya kai wannan faɗi. Matsalar ita ce a gajeren madubi irin mai milimita 120, tauraron da aka saita da kaifi sosai shi ma kan matse cikin fiksel ɗaya ko biyu. A ɗan sassauta saitin har faɗinsa ya kai 2 zuwa 4, hakan na raba shi da fiksel, yana kuma inganta awon tsakiya.

Tacewa ta 3 sau 3, wadda ke daidaita kowane fiksel da maƙwabtansa, tana share ɗigo guda, amma tana cinye ƙananan taurari tare da shi, don haka mafita ce ta dole kawai. Jagora da taurari da yawa, wadda ta shigo a sigar 2.6.10 a 2021, tana rage tasirin tauraro ɗaya da ya gurɓata. Rage ƙarfin sigina da zaɓen tauraro mai haske wanda bai cika fiksel ɗinsa maƙil ba suna taimakawa. Kyamarar kuma kada a bar ta a mota ko a rana kafin magariba, a kuma sabunta taswira duk bayan wata shida ko da zarar sabon ɗigo ya bayyana.