Ramukan da ƙuraje suka bari a fuska: me ƙaramar tiyata ke iya gyarawa?

Kowane tabo ne ke buƙatar tiyata?

A'a. Baƙin tabon da yake shafe daidai da fata launi ne kawai, yakan dushe cikin watanni. Tiyata aikin rami ce. Ramukan iri uku ne: mai tsukakken baki da zurfi, wanda faɗinsa bai kai milimita 2 ba; mai faɗi da gefe a tsaye; sai mai gangara, wanda ke sa kunci ya yi tudu da kwari. Kowanne da irin aikinsa, kuma fuska ɗaya takan tara duka ukun.

Yaya ake ɗago mai gangara?

Wasu jijiyoyin tabo ne, wato zaruruwan nama masu tauri, a ƙarƙashi suke janye fatar ƙasa. Likitan fata zai zana wurin mutum na zaune, domin idan ya kwanta ramin yakan ɓuya. Sai ya yi allurar kashe zafi, ya soka allura mai kaifin baki, galibi mai kaurin lamba 18, daga gefen ramin, ya riƙa kai ta gaba da baya a kwance har jijiyoyin su tsinke. Jinin da ya taru a gurbin shi ke tokare fatar kafin sabon nama ya cike. Kumburi da ɓacin launi sukan kai mako 1 zuwa 2. Jijiyoyin kan sake haɗewa, shi ya sa akan maimaita bayan wata guda ko fiye. Idan allurar ta yi zurfi da yawa, musamman a gefen goshi ko muƙamuƙi, tana iya taɓa jijiyar motsin fuska.

To mai zurfi fa?

Ana yanke shi da ƙaramin bututu mai kaifi, milimita 1.5 zuwa 3, a ɗinke da siririn zare, a cire zaren bayan kwana 5 zuwa 7. Rami ya koma siririn layi ke nan. Akwai kuma ɗiga asid ɗin TCA (sinadari mai ƙona fata) mai ƙarfin kashi 70 zuwa 100 a gindin ramin kaɗai. Wurin ya yi fari, ya yi ɓawo, ya faɗi cikin mako. Wannan ba aikin gida ba ne ko na shagon kwalliya, ɗigo ɗaya da ya kauce ƙuna ne.

Baƙar fata na da wani haɗari na daban?

Ƙwarai. Wurin yakan ƙara duhu bayan aiki, don haka man kariya daga rana mai SPF (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) 30 ko sama wajibi ne kullum. Wanda kunnensa ya taɓa yin tudu bayan huda ya faɗa wa likita tun farko: fatarsa na iya yin kiloyid, wato tabo mai tudu da ke girma ya wuce wurin rauni, wanda allurar maganin triamcinolone ake fara yi masa, ba yanka ba.

Yaushe ya kamata a dakata?

Muddin ƙuraje na fitowa. Haka mai shafa man bilicin mai sitiroyid, domin yana sirantar da fata, yana jinkirta warkewa. Mai shan isotretinoin (maganin ƙuraje mai ƙarfi) ko asfirin ya sanar da likita kafin a sa rana. Ramukan sukan ragu sosai, amma ba sa shafewa gaba ɗaya.