Gwanda: yaushe ake yanka ta, da me ake shan ta?

A gidaje da yawa gwanda tana nan tsaye a bayan ɗaki, kusa da makwarara, ba wanda ya wahala a kanta. Duk da haka za ka ji mutum ya ce shi ba ya shan ta. In ka bi diddigi, ko dai an yanka masa ita ba ta gama nuna ba, ko kuma ta wuce lokaci.

Ta yaya zan gane ta isa yanka?

Fara duba ɓawon. Idan rawaya ta rinjayi kore, sai ka ɗan danna da babban yatsa. Ta lotsa kaɗan, to yau ce ranarta. Yatsa ya nutse, ta luguiguice ke nan. In kuwa da tauri, naɗe ta a takarda tare da ayaba ɗaya, ka ajiye kwana 2 ko 3, domin ayaba tana fitar da wata iska mai hanzarta nuna. Kada a sa ta a firji kafin ta nuna, sanyi yana tsayar da ita. Wadda aka tsinko kore shar kuwa, ko ta yi laushi daga baya, zaƙinta ba zai kai ba.

Warinta ne yake hana ni sha. Akwai dabara?

Lemun tsami. Raba gwandar biyu, kwashe 'ya'yan da cokali, matse rabin lemo a cikin ramin, ka bar ta ta ɗan yi sanyi. Tsamin yana danne warin, zaƙin kuma ya fito fili. A ganina ba wani haɗi da ya kai wannan, kuma ko faranti ba ka buƙata, ɓawon ne kwanonka.

Da me kuma ake haɗa ta?

A buɗa baki ana yanka ta ƙanana tare da kankana da abarba. Ana kuma markaɗa ta da kindirmo da ɗanyar citta kaɗan da zuma. Sai dai wannan haɗin nan take ake shan sa. Gwanda tana da wani sinadari, papain, mai narka furotin, wato abin gina jiki da ke cikin nono da nama, in ya daɗe cikin nono sai ya tsinka shi ya kawo ɗaci. Dafa nunanniya kuwa asara ce: giram 100 nata yana ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 60, ya ɗan ɗara na lemun zaƙi, wuta kuma tana lalata shi.

Ɗanyar fa, tana da amfani?

Sosai. Wancan papain ya fi yawa a ɗanya, cikin farin ruwan nan da ke tsattsafowa in an karce ɓawon. Shi ya sa in naman ya yi tauri, kamar na tsohuwar saniya, ake goga ɗanyar gwanda a cakuɗa da shi, ko a naɗe shi cikin ganyenta na ɗan lokaci kafin a ɗora. Kada a bar shi ya kwana, zai dagargaje. Ana kuma fere ta, a wanke, a yanka cikin miya kamar kabewa. A Thailand goga ta suke yi sirara, su kirɓa da barkono da lemun tsami da gyaɗa, su kira shi som tam.

A kula da abu biyu. Farin ruwan yana sa wasu ƙaiƙayi a hannu. Mai juna biyu kuma ta nisanci ɗanya da wadda ba ta gama nuna ba, saboda ruwan yana iya motsa mahaifa.

A zubar da 'ya'yan?

Tauna ɗaya ka ji, yaji gare shi kamar masoro. Ana wanke su a murje yauƙin, a shanya a inuwa, a daka, a barbaɗa kaɗan a kan gasasshen nama. In gwandar ta yi maka zaƙi, ka rage wasu ka shuka inda ruwa ba ya kwanciya. Kafin shekara ta zagayo tana iya fara 'ya'ya.